Lord, Duke da Sir: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gidajen Sarautar Gado na Birtaniya

Kusan duk wanda ya zauna a ajin tarihi a ƙasar nan ya haddace sunan Lord Lugard tun bai san abin da "Lord" ke nufi ba. Mun kuma tashi muna jin Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da aka yi jana'izar Sarauniya Elizabeth ta II a 2022 da naɗin Sarki Charles na III a 2023, sai tsofaffin tambayoyin suka sake tasowa: su wane ne waɗannan mutane masu jajayen alkyabbu, kuma daga ina suka samo sarautunsu? Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Mece ce sarautar Lord, kuma matakanta nawa ne?

"Lord" ba sunan sarauta guda ba ne, kalmar girmamawa ce da ake kiran masu sarautu daban-daban da ita. Sarautun kansu hawa biyar ne. Duke ne a sama, sai Marquess, sai Earl, sai Viscount, sai Baron a ƙasa. Huɗun ƙasa duk ana ce musu Lord a magana, amma Duke sai dai a kira shi Duke. Matansu kuma su ne Duchess da Marchioness da Countess da Viscountess da Baroness. Masu riƙe da irin wannan sarauta ta gado sun kai kusan 800 a yau, kuma in aka cire 'yan gidan Sarki, masu sarautar Duke 24 ne kacal.

Kamar yadda ake gane ɗan sarki a wurinmu da kunnuwan rawaninsa, su ma akwai alama a tufafi. Alkyabbar da suke sawa ranar buɗe majalisa ja ce, an yi mata layuka na farin gashin dabba da zare mai ruwan zinariya. Duke layi huɗu, Marquess uku da rabi, Earl uku, Viscount biyu da rabi, Baron biyu. Wanda ya san kan abin, da ya kalli ƙirjin mutum ya san inda za a zaunar da shi.

Sunan garin da ke manne da sarautar kada ya ruɗe ka. Duke na Devonshire ba ya mulkin Devon, babban gidansa ma, Chatsworth, a lardin Derbyshire yake, can nesa. Babu mai sarautar da ke da talakawa ko kotu ko ikon karɓar haraji a garin da yake amsa sunansa. Wannan shi ne babban bambancinsu da hakimanmu.

To Sir fa? Sardauna da Tafawa Ɓalewa su ma Lord ne?

A'a. Sir lambar girma ce da ake ba mutum saboda aikinsa, kuma tana bin sa kabari. An ba Ahmadu Bello tasa a 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1960. Sarkin Musulmi Abubakar na III da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na I da Sarkin Katsina Usman Nagogo duk sun samu. Babu ɗan ɗayansu da ya gaje ta, kuma ba ta ba mai ita kujera a majalisar Landan.

Akwai dai wata Sir ɗin da ake gada, ita ce ta Baronet. Sarki James na I ne ya ƙirƙiro ta a 1611 lokacin da aljihunsa ya bushe. Ya sayar wa masu hali a kan fam 1,095, wato kuɗin ciyar da sojoji 30 na shekara uku a Ailan. Har yau jikokin wasu daga cikin waɗanda suka biya wancan kuɗin suna amsa Sir. Baronet yana ƙasa da Baron, kuma ba a lissafa shi cikin hawa biyar ɗin da aka ambata a sama.

Idan mai sarauta ya mutu, wa ke gadonsa?

Babban ɗansa namiji da aka haifa cikin aure. Babu masu zaɓen sarki, babu kamun ƙafa, babu jiran amincewar gwamna. A daidai lokacin da ran uban ya fita, ɗan ya zama mai sarauta, ko yana cikin zanin goyo, ko sakarai ne, ko yana gidan yari. In babu ɗa namiji sai a koma kan ƙanin mamacin, in babu shi sai ɗan baffa, a yi ta bin zuriyar maza ta wanda aka fara ba sarautar, ko da za a je a tarar da magajin yana sana'arsa a wata ƙasa. In zuriyar maza ta yanke, sarautar ta mutu ke nan.

Abin da ya fi ba Bahaushe mamaki shi ne ba rawanin kaɗai babban ɗa ke ɗauka ba. A al'adarsu gidan da gonakin da kayan ɗakin duk nasa ne, ana kuma ɗaure dukiyar da yarjejeniyar lauyoyi yadda shi kansa ba zai iya sayarwa yadda ya ga dama ba. A wurinmu gado rabawa ake yi bisa shari'a, shi ya sa gandun attajiri kan zama ƙananan gayauni kafin jikoki su girma. Su kuwa da wannan tsari gida ɗaya ya riƙe filaye ɗaya shekara ɗari huɗu ko biyar. A ganina duk sauran abin da za a faɗa kan waɗannan gidaje daga nan ya samo tushe: arzikinsu, da tasirinsu a siyasa, har da ɗacin ran ƙannen da aka bari hannu rabbana.

Sauran 'ya'yan fa, ina suke nufa?

Neman na kansu. Tun da babu abin gado, ƙannen kan shiga soja, ko aikin coci, ko lauya, ko majalisa, ko aikin mulkin mallaka. A doka su talakawa ne, kuma 'ya'yansu ma ba su da ko kalmar girmamawa.

Winston Churchill ne misalin da ya fi fitowa fili. An haife shi a 1874 a Fadar Blenheim, gidan kakansa Duke na Marlborough na 7. Amma mahaifinsa, Lord Randolph, ba shi ne babba ba, don haka Winston ya tashi a matsayin "Mista Churchill", yana rubuce-rubuce a jaridu don ya biya bashi. Da sarautar ta faɗo kansa, da ba zai iya zama a Majalisar Wakilai ba, kuma da wuya ya yi Firayim Minista a 1940. Sir ɗin da ake kiransa da ita sai a 1953 ya same ta. Kafin duk wannan, daga 1905 zuwa 1908, shi ne ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka, inda rahotannin Arewacin Najeriya ke sauka a teburinsa.

Mu ma mun ga irinsu a nan. Sir Hugh Clifford, Gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, jikan Baron Clifford na Chudleigh na 7 ne ta wajen ɗan da ba shi ne magaji ba.

Me ya sa nake ganin mutum ɗaya da sunaye uku a littattafan tarihi?

Saboda sunan aro. Babban basarake yakan riƙe sarautu da yawa a lokaci guda, sai ya ara wa magajinsa ɗaya daga cikin ƙananan ya riƙa amsawa. Magajin Duke na Devonshire, alal misali, yakan amsa Marquess na Hartington, alhali a doka ba shi da sarauta tukuna, yana ma iya tsayawa zaɓe. Ƙannen magaji a gidan Duke ko Marquess ana sa musu Lord a gaban sunan yanka, kamar Lord Randolph Churchill. 'Yan mata a gidan Duke da Marquess da Earl ana ce musu Lady, shi ya sa Diana ta zama Lady Diana Spencer a 1975 lokacin da mahaifinta ya gaji sarautar Earl Spencer.

Ga yadda abin ke rikita mai karatu. An haifi wani yaro a 1830 ana kiransa Lord Robert Cecil. Da yayansa ya rasu a 1865 ya koma Viscount Cranborne. Da mahaifinsa ya rasu a 1868 ya zama Marquess na Salisbury. Mutum ɗaya ne, kuma za mu sake haɗuwa da shi a tambayar gidan da ya fi daɗewa a mulki.

Mace tana gadon sarauta?

Galibi ba ta yi. Mutum zai mutu ya bar 'ya'ya mata biyar, sarautar ta tsallake su ta tafi wurin wani ɗan uwa na nesa da ba su taɓa gani ba. A 2013 an gyara dokar gadon karagar Sarki yadda ƙane ba zai ƙara tsallake yayarsa ba, amma gyaran bai taɓa sarautun Lord ba.

Akwai ƙofofi uku da mace kan shiga. Tsofaffin sarautun Sikotland da dama suna bin mace in babu namiji, kamar Countess ta Mar wadda ta zauna a majalisa har zuwa 2020. Wasu tsofaffin sarautun Baron na Ingila kuma, in mamaci ya bar 'ya ɗaya tilo ita ke ɗauka, in suna da yawa sai sarautar ta tsaya cak a tsakaninsu har sai zuriya ɗaya ta rage ko Sarki ya raba gardama, abin da kan ɗauki ɗaruruwan shekaru. Ta uku ita ce a rubuta tun farko cewa 'ya na iya gada. Haka aka yi wa Earl Mountbatten, wanda 'yarsa Patricia ta gaje shi da aka kashe shi a 1979.

Gidan Marlborough ma ta haka ya tsira. John Churchill, janar ɗin da ya ci Yaƙin Blenheim a 1704, ya rasa ɗansa namiji, sai majalisa ta yi doka ta musamman a 1706 don sarautar ta bi 'ya'yansa mata. 'Yarsa Henrietta ta gaje shi a 1722, daga ita kuma ta koma kan ɗan ƙanwarta, Charles Spencer, a 1733. Daga auren iyayen Charles, uwa 'yar gidan Churchill uba ɗan gidan Spencer, ne zuriyar Winston da ta Diana suka rabu.

Lord Lugard ɗan gidan sarauta ne?

Ko kusa. An haife shi a Madras ta Indiya a 1858, mahaifinsa limamin coci ne a rundunar soja. Lokacin da dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sir Frederick Lugard ne sunansa. Haka yake har ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, har ya bar Najeriya a 1919. Sai a 1928 aka naɗa shi Baron Lugard na Abinger, sunan ƙauyen da ya zauna a lardin Surrey. Wato duk inda ka ji an ce Lord Lugard ya yi kaza a Arewa, ana kiransa ne da sunan da bai samu ba tukuna a lokacin.

Sarautar tasa ta gado ce, amma shi da matarsa Flora Shaw ba su haihu ba. Da ya mutu a 1945 ta mutu tare da shi, shekara 17 kawai ta yi a duniya. Sir Arthur Richards, gwamnan da tsarin mulkin 1946 ke amsa sunansa, ya fi shi sa'a ta wannan fuska: an naɗa shi Baron Milverton a 1947, ɗansa kuma ya gaje shi.

Wane gida ne ya fi daɗewa ana damawa da shi a mulki?

In ana maganar siyasa zalla, da wuya a samu wanda ya kama ƙafar gidan Cecil. William Cecil, wanda aka naɗa Lord Burghley, shi ne kamar wazirin Sarauniya Elizabeth ta I na tsawon shekara 40, daga 1558 har mutuwarsa a 1598. Ɗansa Robert ya ɗora daga inda ya tsaya, ya share wa Sarki James hanyar hawa karaga a 1603, aka saka masa da sarautar Earl na Salisbury a 1605, ya gina gidan Hatfield da zuriyarsa ke ciki har gobe. Daga nan gidan ya yi likimo na kusan shekara 200 ba tare da wani fitacce ba.

Sai ga Marquess na Salisbury na 3, mai sunaye ukun nan. Ya yi Firayim Minista sau uku tsakanin 1885 da 1902, kuma shi ne na ƙarshe da ya ja ragamar gwamnati yana zaune a Majalisar Dattawa, wato majalisar masu sarautar Lord. Yawancin wannan lokaci shi ne kuma Sakataren Harkokin Waje, a nan ne labarinsa ya shafe mu kai tsaye. A watan Agusta na 1890 gwamnatinsa ta yi yarjejeniya da Faransa, aka ja layi a kan taswira daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi: arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin duk abin da yake na daular Sakkwato ya faɗa ɓangaren Ingila. Ba shi ba, ba takwaransa na Faransa ba, babu wanda ya taɓa taka ƙasar. Ya ma yi ba'a a majalisa cewa yawancin abin da aka bar wa Faransa rairayi ne. An yi ta gyaran layin a 1898 da 1904 da 1906 har aka samu iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Damagaram. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Jibiya ko Kwangwalam ana duba masa takardu don zai je gaida gwaggonsa, to ya ɗanɗani aikin gidan Cecil.

Da Salisbury ya sauka a 1902, ɗan yayarsa Arthur Balfour ne ya hau, wanda daga baya ya sa hannu a sanarwar 1917 kan Falasɗinu. Ɗan Salisbury kuma, wani Robert Cecil ɗin, ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1937 saboda aikinsa a Majalisar Ƙawancen Ƙasashe. Akwai rawar da wani jikan gidan ya taka a 1998, tana cikin amsar da ta shafi Majalisar Dattawa.

Ban da su, waɗanne gidaje ne ya kamata mutum ya sani?

Gidan Howard, masu sarautar Duke na Norfolk tun 1483, su ne kan gaba a jerin girma. Tarihinsu cike yake da jini. Duke na farko ya mutu a fagen fama a Bosworth a 1485. 'Yan uwan Duke na 3 su biyu, Anne Boleyn da Catherine Howard, sun auri Sarki Henry na VIII, dukansu kuma ya sa aka fille musu kai. Duke na 4 ma haka ya ƙare a 1572, sarautar ta ɓace sai a 1660 aka maido musu. Tun 1672 suke gadon muƙamin Earl Marshal, wato mai shirya manyan bukukuwan ƙasa. Duke na 18 ne ya tsara jana'izar 2022 da naɗin 2023. Abin dariyar shi ne gidan 'yan Katolika ne, amma su ke shirya naɗin Sarkin da ke shugabantar Cocin Ingila.

Gidan Cavendish na Devonshire sun ba da Firayim Minista a 1756, da masanin kimiyya Henry Cavendish, da Duke na 8 wanda aka yi wa tayin shugabancin gwamnati sau uku yana ƙi. Harold Macmillan, Firayim Ministan da Najeriya ta karɓi 'yanci a zamaninsa, surukinsu ne, ya auri 'yar Duke na 9 a 1920, kuma a 1960 ya ba ɗan ɗan'uwan matarsa, Duke na 11, muƙamin minista. Naka sai naka ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Sai gidan Russell, da suka ba da Firayim Minista Lord John Russell da jikansa Bertrand Russell, masanin falsafa da ya ci Nobel a 1950.

Daga ina dukiyarsu ta fito, kuma har yanzu suna da ita?

Daga ƙasa da aure. A 1677 Sir Thomas Grosvenor ya auri wata yarinya 'yar shekara 12, Mary Davies, wadda ta gaji wasu fadamu a bayan garin Landan. Da birnin ya bunƙasa ya haɗiye fadamun, suka zama unguwannin Mayfair da Belgravia, inda ƙasa ta fi tsada a Ingila. Jikokinsu suka zama Duke na Westminster a 1874, kuma na 7 ya gaji dukiyar biliyoyin fam a 2016 yana ɗan shekara 25.

Amma ba kowa ya yi wannan dace ba. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkama mai araha daga Amurka ta karya farashin amfanin gona, kuɗin hayar gonaki ya faɗi. A 1894 aka kawo harajin gado, ya yi ta hawa. Wasu suka nemi mafita a wurin 'ya'yan attajiran Amurka: Duke na Marlborough na 9 ya auri Consuelo Vanderbilt a 1895 ta zo da hannun jarin jirgin ƙasa na dala miliyan biyu da rabi, aka gyara rufin Blenheim, auren kuma ya mutu. Da Duke na Devonshire na 10 ya rasu a 1950, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin 100 na abin da ya bari, dole iyalin suka miƙa gidan Hardwick da wasu zane-zane masu daraja. Yau da yawansu suna zaune a wani sashe na gidan kakanninsu, sauran kuma 'yan yawon buɗe ido na biyan kuɗin ƙofa su shiga su kalli gadon da kakan kaka ya kwanta.

Har yanzu suna da iko a Majalisar Dattawa?

Kaɗan ƙwarai. Da can duk mai sarautar gado ta Ingila yana da kujera, kuma majalisar na iya kashe duk dokar da wakilan jama'a suka yi. Da suka yi watsi da kasafin kuɗin 1909 saboda ya taɓa masu filaye, sai aka karya musu fiffike da dokar 1911: ba su da ta cewa kan kuɗi, sauran dokoki kuma jinkirtawa kawai za su iya, na shekara biyu, wanda aka rage zuwa ɗaya a 1949. A 1958 aka fara naɗa Lord na iya rayuwa, wanda ba a gadonsa, kuma ta wannan ƙofa mata suka fara shiga. Yawancin 'yan majalisar yanzu irin waɗannan ne. Da ita aka mayar da David Cameron Lord a 2023 don ya riƙe harkokin waje. Sarautar gado ta ƙarshe da aka ba wani da ba ɗan gidan Sarki ba ita ce ta Macmillan, Earl na Stockton, a 1984.

Gwamnatin Tony Blair ta zo da niyyar korar masu gado gaba ɗaya. Shugaban 'yan Conservative a majalisar lokacin shi ne Viscount Cranborne, ɗan gidan Cecil. Ya zagaya ta bayan shugaban jam'iyyarsa William Hague ya ƙulla yarjejeniya da Blair a 1998 cewa a bar 92. Hague ya kore shi, amma yarjejeniyar ta tsaya, dokar 1999 ta sallami sama da 600. Har zuwa 2024, in ɗaya daga waɗanda suka rage ya mutu, akan yi zaɓen cike gurbi a tsakanin masu gado, wani lokaci abin kamar wasan yara: a 2016 an yi zaɓen da 'yan takara bakwai ne, masu jefa ƙuri'a uku. A watan Satumba na 2024 gwamnatin Labour ta gabatar da ƙudurin cire ragowar.

Mutum zai iya ƙin sarautar, ko a tuɓe shi?

Kafin 1963 ba ya iya ƙi. Tony Benn ɗan majalisar wakilai ne daga Bristol lokacin da mahaifinsa, Viscount Stansgate, ya rasu a 1960. Nan take aka hana shi shiga zauren, don ya zama Lord ko yana so ko ba ya so. Ya sake tsayawa a 1961 ya ci, kotu ta miƙa kujerar ga wanda ya kayar. Bai haƙura ba har aka yi dokar 1963 da ta ba mutum damar ajiye sarauta na tsawon ransa. A shekarar nan Earl na Home na 14 ya ajiye tasa ya zama Firayim Minista da sunan Sir Alec Douglas-Home. Ajiyewar ba ta kashe sarautar: da Benn ya rasu a 2014, babban ɗansa ya ɗauka.

Tuɓewa kuwa sai da dokar majalisa. An yi ta 1917 don waɗanda suka goyi bayan Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka karɓe sarautun Duke na Albany da na Cumberland a 1919. Zuwa gidan yari kaɗai ba ya raba mutum da sunansa, kamar yadda aka gani ga Lord Archer da aka ɗaure a 2001. Tun 2014 dai ɗaurin da ya wuce shekara ɗaya yana raba mutum da kujerarsa a majalisa.

Ana sayen sarautar Lord da kuɗi?

An sha yi. Labarin Baronet yana sama. A zamanin Firayim Minista Lloyd George abin ya zama kasuwa har ya tayar da ƙura a 1922, aka yi dokar haramta shi a 1925, aka kuma ɗaure dillalin cinikin, Maundy Gregory, a 1933. Har yanzu jaridu kan yi tsegumi in an naɗa wanda ya ba jam'iyya gudummawa mai tsoka. Takardun da ake tallatawa a intanet kuwa, wai ka sayi taku ɗaya na ƙasa a Sikotland ka zama Lord, ba su da wani matsayi a doka. Kada ka ba da kuɗinka.

An taɓa samun Musulmi ko baƙar fata a cikinsu?

An samu, tun da daɗewa ma. Henry Stanley ya musulunta kafin ya gaji sarautar Baron Stanley na Alderley a 1869, ya zama Musulmi na farko a Majalisar Dattawa, ya kuma rufe mashayar da ke cikin filayensa. Baron Headley na 5 ya bayyana musuluntarsa a 1913 ya yi aikin Hajji a 1923. Lady Evelyn Cobbold, 'yar Earl na Dunmore, wadda ta ɗauki sunan Zainab, ta sauke farali a 1933 tana da shekara 65.

Lord Sinha na Indiya ya samu sarautar gado a 1919. Baƙar fata na farko shi ne Learie Constantine, ɗan wasan kurket daga Trinidad, a 1969, tasa ta iya rayuwa ce. Haka ta Lord Adebowale, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da aka naɗa a 2001, da ta Baroness Warsi, mace Musulma ta farko da ta zauna a majalisar ministocin Birtaniya a 2010.

Yaya ake tabbatar da nasaba in gardama ta tashi?

Da takarda. Inda mu muke da maroƙa da makaɗan fada da ke jero sunayen kakanni da ka, su ofis gare su. Sarki Richard na III ya kafa hukumar masu kula da tambura da salsala a Landan a 1484, Sikotland kuma tana da kotun Lord Lyon. Akwai littattafan nasaba biyu da ake komawa gare su, Debrett da Burke, na biyun ya fara fitowa a 1826, inda za ka ga kowane gida da ranar haihuwa da aure da muƙamin kowane ɗa. Tun 2004 akwai rajistar gwamnati ta masu sarauta, kuma magaji sai ya kawo shaidar auren iyayensa da ta haihuwarsa da ta mutuwar wanda ya gada kafin a rubuta shi. Ɗan da aka haifa ba cikin aure ba ba ya gado ko da iyayen sun yi aure daga baya, sai dai a Sikotland inda dokar ta fi sauƙi. Ɗan riƙo ma ba ya gado.

A 2016 aka ƙara wata shaidar da magabatansu ba su san da ita ba. Rikici ya tashi kan sarautar Baronet ta gidan Pringle na Stichill, Sarauniya ta miƙa maganar ga alƙalan majalisarta ta musamman. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa wani yaro da aka haifa a 1903, wanda ya gaji sarautar ya kuma bar wa ɗansa, ba ɗan mijin uwarsa ba ne. Alƙalan suka karɓi gwajin, suka ɗauke sarautar daga reshen da ya riƙe ta kusan shekara ɗari, suka miƙa wa wani akanta mai ritaya daga zuriyar ƙanin.